Shekarar da Na Ɗage Hannuna Daga Bayan Inna

'Ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a bakin mutane. Wasu sun ce muku rabon gona ne ya raba ni da Baffanku Sale, wasu kuma suka ce raina sana'ar gidanmu na yi don na ga ta asibiti. Babu ko ɗaya a ciki. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, yini kuma ya yi mini tsawo, na ga gara in rubuta muku da kaina abin da ya faru a shekarar da na bar zauren ɗori, tun ina iya riƙe biro.

Gidanmu na Gagarawa gidan maɗora ne tun kakanni. Idan na rufe ido har yau ina jin ƙanshin zauren nan, man shanu da ɗanyen kara da ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Ana kawo mutane a amalanke daga ƙauyuka, wanda ya faɗo daga kan kuka, wanda sa ya tunkuya, wanda babur ya kayar. Babanmu yakan shafa wurin a hankali yana tofi, idonsa a kan rufin zaure kamar mai sauraron wata magana daga nesa, sannan ya ja ƙashin ya koma mazauninsa. Da ya rasu, Yaya Sale ya hau buzunsa, ya riƙe karaya da targaɗe. Ni kuma aka bar mini gyaran baya da wuya, domin Allah ya ba ni manyan hannuwa. Mutum zai kwanta rub da ciki a tabarma, in bi ƙashin bayansa da tafin hannu ina dannawa, in kama kafaɗa da ƙugu in murɗa, sai ka ji ƙas ƙas ƙas. Mutanenmu suna son wannan ƙarar ƙwarai. Wanda bai ji ta ba sai ya tashi yana ƙunƙuni, wai ba a yi masa aiki ba. 'Yan dako da manoma da direbobi suna miƙewa suna miƙa suna sa mini albarka, ni kuwa har na fara ganin babu bayan da zai gagare ni.

Kakarku, Inna, Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Ɗanzomo. Tun tana budurwa take ɗora ƙorai uku a ka ta kai nono kasuwa a ƙafa, bayan aure ma ba ta daina ba sai da muka girma muka hana ta. Doguwa ce siririya, mai tafiya kamar ba ta taka ƙasa. A shekarun ƙarshe sai ta fara ranƙwafawa kaɗan kaɗan, ba mu ma lura ba sai da muka ga tana kallonmu daga ƙasa.

Daminar shekarar ta yi albarka. Gero ya fi mutum tsawo, gari duk ya yi kore, da safe raɓa na ɗiga daga zankaye. Wata safiya na shiga gaishe ta na tarar tana kan dardumar salla ta kasa tashi. Ta ɗago kai ta yi mini murmushi.

"Idi, zo ka danna mini bayan nan kamar yadda babanka yake yi. Ya riƙe tun jiya."

Ban yi wani tunani ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kwantar da ita, na yi bisimilla, na ɗora tafin hannuna a tsakiyar bayanta na danna kamar yadda na saba. Ƙara ta fito, amma ba wadda na sani ba ce. Wannan siririya ce, irin ta busasshen kara idan akuya ta jingina da danga. Yatsuna sun gane tun kafin kunnena ya gane. Inna ba ta yi ihu ba. Ta dai ja numfashi ta riƙe, ta daɗe a haka, sannan ta ce a hankali:

"Ya isa, Idi. Allah ya yi maka albarka."

Haƙarƙarinta na tsaga. Ni, da hannuna. Wannan ce maganar da ban taɓa faɗa muku ba.

Da Yaya Sale ya shigo, kafin in buɗe baki ta riga ni. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a gindin randa. Ta faɗi haka tana kallona, kallon da ke cewa in yi shiru, ni kuma na yi shirun. Yaya ya shafa mata magani, ya ɗaure mata ƙirji da farin ƙyalle. Ta yi wajen wata biyu a kwance, tana shan iska kaɗan kaɗan kamar mai kurɓar kunu mai zafi. Tsagin ya haɗe, amma bayan ya ƙara riƙewa saboda kwanciya, har ta kai sai an tallafe ta za ta zauna. Kwanakin nan ban iya tuna su ɗaya bayan ɗaya ba. Sun haɗe mini kamar yini ɗaya mai tsawo, ruwa na sauka a kan kwano, awakinta na kuka a garke suna neman ta, ni kuma ina zaure, mutum na kwance a gabana, hannuna na tsaye a sama ya ƙi sauka.

Wata Alhamis na tafi kasuwar Maigatari sayo wa awakin kanwa. Gaskiyar magana, gudun gida nake yi. Na yi ta yawo a kara, inda ake cinikin dabbobi, ba tare da na san inda na nufa ba. Jajayen shanu sun cika fili, ƙahonninsu sun yi sama kamar kurmin da ya bushe, raƙuma na durƙushe suna tuƙa suna kallon wani wuri can bayan iyaka. Hayaniyar duk ta koma mini kamar daga cikin rijiya nake jin ta. Sai na ji an dafa kafaɗata. Alhaji Mamman ne, wani dattijon dillalin shanu, asalinsa mutumin Damagaram, wanda na yi shekaru ina gyara masa wuya, amma ya ɗauke ƙafa. Muka zauna a inuwar wata rumfa, na tambaye shi ko na yi masa laifi ne.

"Wane laifi, Malam Idi? Tsoro ne kawai. Zuwana na ƙarshe, da ka juya mini wuya sai na ga taurari da rana tsaka, na kwana uku jiri na ɗibata. Na ce wa kaina, Mamman, ka tsufa da wannan."

"To yanzu wa yake duba maka?"

"Wata lokotoro ce a Gumel," in ji shi, haka mutanen tsallaken iyaka suke kiran likita. "'Yar ƙasar nan ce, a waje ta yi karatu. Duk bayan mako biyu take zuwa wani ƙaramin asibiti. Ba ta murɗa mutum, ba ta danne shi. Wani ɗan ƙarfe ne da ita, bai fi tsawon tafin hannunka ba. Ta ɗora maka a wurin, ka ji ƙyas, shi ke nan. Ranar farko har haushi na ji, na ce raina ni ta yi."

Ya juya wuyansa dama da hagu a hankali don in gani. Ba wai ya koma na saurayi ba ne, amma yana juyawa. Na dawo gida da kanwa da wannan magana.

Da na kawo wa Yaya Sale zancen a ɗakin Inna, fuskarsa ta canza. Ku san cewa Baffanku mutum ne mai riƙon amana, kuma a ganinsa zauren nan amana ce da Baba ya bar masa.

"A ɗauki uwar maɗora a kai ta Gumel a gyara mata baya? Gobe da wane ido za mu kalli wanda aka kawo mana daga Sule Tankarkar?"

"Yaya, wata biyu ke nan muna yi, ba ta tashi ba."

"Sauƙi na Allah ne. Kai da kake da hannun baya, me ya hana ka taɓa ta tun da ta faɗi?"

Na sunkuyar da kai. Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba saboda ɗan fari ne, ta yi magana tana fuskantar bango.

"Babba, ka bar shi ya kai ni. Ba don maganinku ya gaza ba. Ina son in ga hanya ne, na gaji da kallon rufin ɗakin nan."

Yaya ya tashi ya fita.

Na ɗauki shatar gaban mota, muka jera mata matasai. Tafiyar nan ita ce abin da na fi tunawa a duk shekarar. Gero ya fara nuna, zangarniya na rausaya hagu da dama, gajimare fari tas yana tafiya tare da mu. Inna ta jingina kanta da gilashi, ido rabi a rufe, tana magana ba da ni ba, ba da direba ba. Tana cewa a can akwai wata tsamiya da suke sauke ƙorai su huta, a can kuma wani tafki da shanun babanta suke sha, ga wata farar saniya da ke bin ta har bakin kasuwa. Wani lokaci ta juya harshe zuwa Fulatanci, ta yi dariya ita kaɗai. Ban san ko wuraren da take nunawa su ne ba, domin hanyarta ta ƙuruciya ba wannan ba ce. Amma na bar ta, don na ga ta yi nisa cikin wata tafiya da bayanta ba ya ciwo.

Likita Hadiza mace ce mai matsakaicin shekaru, mai magana a sanyaye. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna. Ta yi tambayoyi masu yawa, sannan ta ce ba za ta taɓa ta ba sai an ɗauki hoton ƙashi. Muka hau adaidaita muka je aka ɗauka, muka dawo bayan azahar. Ta ɗaga hoton a jikin taga, ta kira ni in matso. Shekara talatin ina bin ƙashin mutane da yatsa, ranar na fara ganin abin da nake taɓawa. Ƙashin bayan Inna ya fito a jere, fari fari, haske na ratsa shi.

"Malam, ka ga nan? Ƙashin mai ƙarfi fari yake fitowa sosai. Na Inna ya yi shara shara, kamar itacen da gara ta ci ta ciki. Tsufa ke kawo haka, musamman ga mata." Ta gangara da yatsa. "Nan kuma tsagi ne da ya haɗe. Faɗuwa ta yi?"

"Santsi ne, 'yata," in ji Inna da sauri.

"A'a, Likita," na ce. "Ni ne. Maɗori ne ni. Danna mata na yi."

 Na jira faɗa, ban samu ba. Ta sauke hoton ta dube ni.

"Ba ka da idon da zai ga cikin ƙashi, Malam, ni ma ba ni da shi sai da hoto. Ƙarfin da yake yi wa ɗan dako daɗi, shi ne yake karya irin wannan."

Sai ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko abin. Kamar babban sirinji yake, na ƙarfe mai sheƙi, bakinsa da 'yar roba mai laushi, cikinsa da sifirin irin na biro. Ta nuna mini wani zobe a jikinsa da ake juyawa a rage ƙarfi ko a ƙara. Ta mayar da shi can ƙasa, ta ce in miƙo hannu, ta ɗora a tafina ta matsa. Ƙyas. Abin da na ji bai wuce a ɗan ƙwanƙwasa maka da yatsa ba, sai dai yana da sauri, kafin ka ankara ya wuce. Ta ce saurin nan ne amfaninsa, yana isa gaɓar kafin naman wurin ya ɗaure don tsoro, kuma wuri ɗaya tak yake taɓawa, ba ya jan sauran jiki. Ta ce ko da shi ɗin ma ba za ta kusanci haƙarƙarin ba, kuma akwai gaɓoɓin da za ta tsallake gaba ɗaya.

Inna ta kwanta rub da ciki a wani siririn gado, da zanenta da rigarta, ba a cire komai ba. Likita ta haɗa diddigenta biyu ta duba, ta lanƙwasa gwiwoyin a hankali ta sake dubawa, sannan ta bi bayan da yatsu biyu kamar mai neman allura a cikin tsumma. Ta tsaya a ƙugu. Ƙyas. Ta matsa gefe kaɗan. Ƙyas. Ni ina tsaye na dunƙule hannu, gumi na bin bayana. Sai na ji wani sauti daga gadon, na zabura, ashe dariya Inna take yi.

"Wannan ai ɗan tsako ne yake tsattsagar gero a bayana. An fara ne ko an gama?"

"An gama na yau, Inna."

Kada ku ɗauka ta sauko daga gadon tana gudu. Tallafe ta na yi muka fita kamar yadda muka shigo. Likita ta rubuta mata ƙwayoyin ƙarfafa ƙashi, ta koya mini wasu 'yan motsi da zan riƙa sa ta yi da safe, ta ce ta riƙa zama a hantsi, ta riƙa taku ko biyar ne a rana. Muka yi ta komawa duk bayan mako biyu, aka yanke gero muna hanya, aka ɗaure dawa muna hanya. A zuwa na uku ta zauna da kanta. Lokacin da aka fara kaɗe riɗi, wata safiya na shigo ban gan ta a ɗaki ba. Na same ta a garke, ta dafa turke, awaki sun kewaye ta suna shinshinar zanenta, rana na fitowa ta bayanta. A ranƙwafe take, amma a kan ƙafarta. Da na gaya wa Likita, na ce ƙarfen nan abin mamaki ne, sai ta girgiza kai.

"Kada ka ba shi abin da ba nasa ba. Ya sassauta mata wurin da ya riƙe, ta samu ta motsa ba tare da tsoro ba. Sauran aikin takun da take yi ne, da magani, da ikon Allah. Wani ma ana yi masa bai ji komai ba."

Na roƙe ta ta nuna mini inda ake sayar da shi, ta koya mini. Ta ƙi, cikin ladabi. Ta ce ƙarfen ba shi ne ilimin ba, shekaru ta yi tana koyon inda ake ɗora shi da inda ba a ɗorawa, kuma a hannun wanda bai sani ba shi ma zai iya ɓarna. Na ji zafin maganar, amma na san gaskiya ta faɗa.

Bayan kaka na samu Yaya Sale a zaure shi kaɗai yana fere kara. Na ce masa daga yau ba zan ƙara danna bayan tsoho ko in murɗa wuyansa ba, duk wanda ya manyanta zan ce ya je a yi hoto tukuna. Ya ce in na yi haka za a ce hannun gidan ya mutu. Sai na gaya masa gaskiyar abin da ya sami Inna. Ya ajiye wuƙar. Ya ɗago ya dube ni.

"Ita likitar ta sani?"

"Ta sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Wato ni na ɗaure ƙirjin uwata wata biyu ina zargin randa, kai kana tsaye a kaina. Ka iya faɗa wa baƙuwa, ka kasa faɗa mini." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. "A zauren Baba ba a taɓa mayar da wanda ya zo ba. In mayar da mutane za ka riƙa yi, ka yi a ƙofar gidanka."

Na naɗe tabarmata na fita. To kun ji abin da ya raba mu. Rabin laifin na sana'a ne, rabin kuma nawa ne, na shirun da na yi.

Abin ya ci mini da yawa. Sunan da na yi shekara talatin ina ginawa ya zube cikin wata guda. Aka ce aljanun gidan sun ƙwace mini hannu, aka ce likita ce ta saye ni. Matasan da zan iya yi wa aiki lafiya lau su ma suka daina zuwa. Na koma noman riɗi da gyaɗa ina da furfura, ku manyan kun tuna shekarun da tuwo ya yi ƙaranci a gidan nan. Ni da Yaya muna haɗuwa a masallaci, mu gaisa kamar maƙwabta, amma kwanonmu ya rabu. Inna ta yi ta ƙoƙarin haɗa mu, ta kira wannan ta kira wancan, kowa ya ce mata babu komai. Abin da ya rage mini shi ne rakiya. Tsofaffin da suka ga Inna tana zagaya gari da sandarta suka fara zuwa a ɓoye, ni kuma in ɗauke su mu hau mota zuwa Gumel, in zauna a gefe ina kallo. Wasu sun ji sauƙi, wasu ba su ji ba, wasu Likita ta ce ba aikinta ba ne ta tura su babban asibiti. Amma babu wanda ya dawo da abin da bai je da shi ba.

Inna ta ƙara damina huɗu a duniya, kuma har makon da ta rasu da ƙafarta take zuwa alwala. Na zaci zaman makoki zai haɗa mu da Yaya. Muka zauna tabarma ɗaya kwana bakwai muna karɓar gaisuwa, aka watse, kowa ya koma ƙofarsa.

Sai bayan shekara biyu, wata safiya da hantsi, ina gyaran garma a ƙofar gida, amalanke ta tsaya a gabana. Wata tsohuwa ce a kwance a kan katifa, ƙanƙanuwa, ta dunƙule kamar jaririya. Ɗanta, wani magidanci daga wajen Sule Tankarkar, ya sauko ya gaishe ni.

"Daga zaure aka turo mu, Malam. Maigidan ya shafa bayanta sau ɗaya, ya janye hannu. Ya ce wannan ba ta dannawa ba ce, mu zo wurin ƙaninsa ya kai mu a yi hoto."

Na sa ya maimaita, don ban yarda da kunnena ba. Na shiga gida na sa riga da hula. Hanyar tasha ta gaban zauren take bi. Muna tafe a hankali saboda tsohuwar, na hango Yaya Sale zaune a dakali, ya tsufa, gemunsa ya yi fari fat, yana jujjuya wani kara a hannu kamar bai gan mu ba. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Har mun gota shi sai na ji muryarsa a bayana.

"Idi."

Na tsaya.

"In ka dawo ka biyo. An dama fura, ta yi mini yawa."

Ban dawo daga Gumel ba sai bayan la'asar. Na biya zaure, na tarar da ƙwaryar furar a rufe da faifai a gefen Yaya, ludayi biyu a kai, bai taɓa ba.